Gwangwanin Mai Gyaran Agogo

Mahaifinmu mai gyaran agogo ne, kuma shekara arba'in da sukudireba ɗaya yake aiki. Ƙarama ce, hannunta ya sha ɗauri da zare. Ko an saya masa sabuwa, a aljihun tebur take ƙarewa. Ra'ayinsa shi ne kayan aiki ɗaya mai kyau ya fi tarkace ashirin.

Da wannan ra'ayin ya tunkari Turanci. Yayanmu da ke aiki a wata ƙasa ya bugo waya cewa zai kawo 'yarsa hutu, yarinya mai shekara bakwai da ba ta jin Hausa ko kaɗan. Abin ya tsaya wa Baba a rai. A ce jikarsa ta fari ta zo, ya kasa tsokanarta, sai murmushi kamar baƙo a tasha?

Wani malamin makaranta da ya kawo gyara ya faɗa masa cewa akwai wata kalma, get, wadda Turawa ke aike ko'ina. Da ita ake samu, da ita ake ɗauko abu, da ita ake tashi daga barci, ake hawa mota, ake warkewa, har a gane magana. Baba ya ce to shi ke nan, ya sami sukudirebarsa, sauran Turancin kuma masu shi su riƙe abinsu.

Sai ya kafa doka a shago: duk wanda ya kawo masa sabon amfanin kalmar, za a sa masa batir kyauta. Yana rubutawa a bayan kwalin batir, da fassara a ƙasa, ya jefa cikin gwangwanin madara. Ɗalibai suka gano garaɓasa, har masu lafiyayyen agogo suna layi. Wani direba ya kawo get lost, wato ɓace min da gani, ya rantse gaisuwa ce, Baba kuwa ya gaishe da likitan unguwa da ita. A gida mu muka ɗanɗana kuɗarmu, don tun asuba ake get up, Inna tana cewa ita dai a bar ta ta tsufa da Hausarta.

Ranar da suka iso, Baba ya sha sabuwar riga ya tsaya bakin ƙofa da katunan gwangwanin sittin da uku haddace a kansa. Yarinyar ta dube shi ta lafe bayan uwarta. Ya buɗe baki, ko ɗaya bai fito ba. Kwana uku tana kewaye shi. Ya tura gwangwanin ƙarƙashin tebur, ya daina zancen, ni kuwa tausayinsa ya hana ni yi masa dariya.

A rana ta huɗu na je da ita shago kai masa abinci. Ƙafarta ta ture gwangwanin, katuna suka watse. Ta ɗauki ɗaya ta karanta da ƙarfi: "Get up." Baba ya miƙe tsaye zumbur. Ta zaro ido, ta ɗauki wani: "Get down." Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Ranar an tura shi waje, an dawo da shi, an sa shi ɗauko ruwa sau biyar, masu gyara suna jira a benci. Daga nan kullum tare suke buɗe shago.

Ranar tafiya ta karɓi bironsa, ta yi rubutu a bayan kwali ta miƙa masa. Ya ba ni in karanta: "I got Kaka."

Na ce, "Baba, cewa ta yi ta sami kaka."

Ya yi gyaran murya. "Wannan ai tsohuwar ma'ana ce, ita ce katina na farko. Ba ta ci batir ba."

Sai dai agogon hannunsa ya cire, ya huda sabon rami a maɗaurin, ya ɗaura mata. Katin kuma bai shiga gwangwani ba. Yana aljihun gaban rigarsa, inda sukudirebar take.