Gora a Bayan Keken Yaya Sani

A shekarun da kuɗi suka yalwata, har samarin Daudawa suka fara sayen keke don nishaɗi, yayana Sani ya sayo nasa, baƙi mai ƙararrawa biyu. Duk ranar kasuwar Yankara shi da abokansa sukan yi tsere zuwa can su dawo. Ba ya ɗaukar ruwa ko abin taɓawa. Wai gora a bayan sabon keke ƙauyanci ne, in ya isa ya sha lemon kwalba.

Lokacin ina firamare, ban cika magana ba, sai kallo. Nakan ga farin gishirin da gumi ya bari a bayan rigarsa, da leɓɓansa a tsattsage. Wata rana abokansa ne suka turo masa keken, yana biye yana layi. Na raɗa wa kakarmu Iya abin da na gani a kunne. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da kaɗinta.

Bayan isha muka zagaye wuta a ƙofar ɗakinta.

"Ga wata tatsuniya nan ta iso, ku matso," in ji Iya.

Ta ce Ƙishirwa wata ramammiyar tsohuwa ce mai bin matafiya, kuma ba ta sallama. Wa da ƙane suka kama hanya. Ƙanen duk inuwar da ya tarar sai ya kurɓi ruwa, ya jefa dabino a baki, ko bai ji komai ba. Tsohuwar ba ta son jiƙaƙƙen maƙogwaro, sai ta ƙyale shi. Wan ya ce sai ya ji ƙishi zai sha. Ashe tun daga ƙofar gari ta haye bayansa, tana tsotse ƙarfin gwiwarsa kaɗan-kaɗan. Kafin ya ji ta a maƙogwaro, ƙafa ta mutu. Ƙanen ne ya goyo shi gida.

"Iya, da ni kike," in ji Yaya Sani daga kan turmi.

"Ni, angona? Mi na ce? Dokin ƙarfe dai ba ya shan ruwa. Na bisanshi fa, shi ma ƙarfe ne?"

Da kasuwa ta zagayo, Iya ta dama fura ruwa-ruwa ta cika gora. Ni na ɗaure ta a bayan keken, na zuba masa dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu. Ya harari gorar, bai kwance ta ba. Da la'asar muka ji ƙararrawa. Ya sauko da ƙafarsa, ya ajiye gorar wayam a gaban Iya.

"Tsohuwarki ta biyo ni, ta gaji ta koma."

Na daɗe ina zaton tatsuniyar ta masu keke ce. Sai da Iya ta kwanta ciwon ajali, harshe ya yi mata nauyi, ta kasa neman komai, sannan na gane ba tasu ce su kaɗai ba. Ba mu jira ta nema ba. Ni da Yaya Sani muka riƙa karɓa-karɓa da cokali, muna jiƙa mata maƙogwaro. Allah ya jiƙan Iya, ita ta koya mana.