Yaya Ilyasu bai taɓa sayen ɗalibi ba

Kakar bana ce ta tara tun da Allah ya karɓi ran Yaya Ilyasu. A Tawa kowa Mushe Ilyasu yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a nan, don ya koyar da rabin unguwarmu lissafi. Ni ƙanwarsa ce, kuma ni nake riƙe da ƙaramar kwalejin da ya bari. Ya rasu daidai lokacin da gero ya nuna, iyaye suna neman inda za su kai yara kafin a koma lakwal, wato makarantar boko. Shi ya sa kowace shekara tunawa da shi da neman ɗalibai suke zo mini tare.

Bayan ya yi ritaya daga koyarwa ne ya buɗe makarantar, aji uku a wani gidan haya. Yaran da ya nufa su ne waɗanda aka sallama daga makarantar gwamnati saboda sun maimaita aji har sun gaji da maimaitawa. Bai sa talla a rediyo ba, bai buga takarda ba. Ranar kasuwa yakan hau babur ya tafi Barmu ko Bambeye, ya zauna da iyaye mata, don iyaye maza da yawa suna can ƙasashen waje wurin biɗar kuɗi. Yakan faɗa musu abin da zai iya yi wa yaro, da abin da ba zai iya ba.

A shekara ta biyu wani mutum ya zo mana, da babbar riga da baki mai zaƙi. Ina zaune a ofis. Ya ce yana da hanyar yara daga ƙauyukan Takanamat, zai cika mana aji biyu. Sharaɗinsa shi ne a ba shi kasonsa a kan kowane yaro, kuma a sa kowane yaro ajin da uwarsa take so, ko ya iya ko bai iya ba.

Yaya ya dube shi ya ce, “Alhaji, ɗiyan mutane ne, ba tumaki ba. In dillanci kake so, ga kasuwar bisashe can.”

Mutumin ya miƙe yana kaɗa riga, ya ce, “Mushe, da wannan taurin kan za ka rufe wurin ga kafin baɗi.”

Saura kaɗan maganarsa ta tabbata. Ya kwashe yaran ya kai wata makaranta, mu kuma muka buɗe shekara da aji ɗaya da rabi. Malamai biyu suka bar mu. Ni kaina na yi wa Yaya faɗa, na ce gaskiya ba ta cika tukunya. Bai yi fushi ba. Ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma shi ba zai iya duban idon uwar da aka yaudara da sunansa ba.

A cikin wannan ƙunci ne wata mata daga Barmu, Inna Tsahara, mai saye da sayar da albasa, ta kawo ɗanta Habu. Yaya ya gwada shi kwana uku, sannan ya kira ta ya ce yaron ba na wannan karatu ba ne, hannunsa ne mai kai. Ya ce ta kai shi inda ake koyon gyaran wuta, har ya rubuta mata takarda zuwa ga wani tsohon ɗalibinsa. Na so in yi kuka. Muna neman ɗalibi ɗaya ido rufe, shi kuma yana mayar da wanda ya zo da ƙafarsa.

Da shekara ta zagayo, sai ga Inna Tsahara a bakin ƙofa, ta cika motar haya da ɗiyan maƙwabtanta da na ’yan uwanta. Ta ce, “Mushe, na bi gidan suna, na bi gidan biki, na ce musu ga mutumin da ya ƙi amsar ɗana don ya faɗa mini gaskiya. Wanda ya amsa, ku tabbata zai iya da shi.” Tun daga nan ba mu sake buɗe shekara da aji wofi ba har ya koma ga Allah.

Yau Tawa ta cika da makarantu masu zaman kansu, kuma ba na ƙin kowa, gari ya girma, yara sun yi yawa. Abin da nake ƙi shi ne cinikin da ya zama ruwan dare. Ana bin malaman firamare a ce su turo yara a ba su na goro. Ana cewa ɗalibi ya kawo abokinsa a rage masa kuɗin makaranta. Ana tura saƙon murya ta waya da alkawarin da mai yinsa ya san ba zai cika ba. Bana wasu daga cikin malamaina, matasa masu son makarantar da zuciya ɗaya, sun ba ni shawara mu ma mu bi sahu, don yaranmu sun ragu. Na saurare su har ƙarshe, na ce a’a.

Me Yaya zai ce da yana nan? Ba na jin zai ƙi waya ko rediyo, mutum ne mai son sabon abu. Amma zai tambaya: malamin da aka biya ya turo yaro, wa yake yi wa aiki, yaron ko aljihunsa? Uwa ta amince da shi ne don tana zaton babu komai tsakaninsa da mu. Ranar da ta gane akwai, ba za ta sake yarda da shi ba, ba za ta yarda da mu ba. In rufewa ce ƙaddararmu, mu rufe da mutuncinmu. Ba zan sayi ɗan kowa ba.

Yaya bai bar mana gadon gida ba, bai bar gona ba, makarantar ma har yau a gidan haya take. Amma makon jiya wata mata daga wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba ta shigo da ’ya’ya biyu, ta ce tana son ganin Mushe Ilyasu, an ce mata shi ba ya ruɗin mutane. Na faɗa mata ya daɗe da rasuwa. Ta yi masa addu’a, sannan ta dube ni ta ce, “To ke, Madam, kina faɗin gaskiya kamar shi?”

Na ce, “Bar mini su kwana uku, ki dawo ki ji.”

Ta bar su. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa Aljanna ce makomarsa.