Injiniyar da Ta Nemi Ƙarin Shekara Ashirin

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiya, wadda aka fi sani da Injiniya, a shekarar 1961, a wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal. Mahaifinta makaniki ne, mahaifiyarta kuwa tela. Ta kammala karatun injiniyan lantarki a 1985.

Aiki da aure

A shekarar ta kama aiki a tashar lantarki mai ƙona kwal, inda ta shafe shekara talatin a ɗakin lura da injuna, ɗakin da kullum ake share baƙar ƙura daga tagoginsa. Ta auri wani malamin makaranta a 1988, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Wakilci

A 2021 aka sanya ta cikin tawagar da za ta bayyana wa taron ƙasashe kan sauyin yanayi shekarar da ƙasarta za ta daina fitar da hayaƙin da ya wuce abin da dazuzzukanta ke iya shanyewa. Ƙasashe masu arziki suka nace a kan 2050, ita kuwa ta tsaya a kan 2070, bisa hujjar cewa su sun fi ƙarni suna ƙona kwal har suka gina kansu, alhali ungozomomin karkararta da fitilar waya suke karɓar haihuwa.

"Ku kun gama girki kuna so a kashe murhu," in ji ta, "mu ko tukunya ba mu ɗora ba."

Autarta, wadda ta tashi da ciwon asma a unguwar tashar, ta ɗauki wannan matsayi a matsayin cin amana, ta ƙaurace wa gidan shekara biyu.

Ƙarshen rayuwa

Ciwon huhu ya kwantar da ita a 2023. Ta sa aka juya gadonta ya fuskanci taga, tana yini tana kallon bututun hayaƙin tashar. Ta sha gaya wa mijinta cewa ba ta yi nadama ba, sai dai ta so ƙwarai ta ga sararin nan babu hayaƙi ko da yini guda. Auta ta dawo ta yi jinyarta wata biyar, ba su taɓa tayar da zancen ba.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa a farkon 2024, aka yi jana'izarta bayan la'asar, aka binne ta kusa da mahaifinta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Babban Yaya, wanda direban jirgin ƙasa ne, da Likita, sai Auta, wadda, in da rai, za ta cika shekara saba'in da uku a 2070, shekarar da mahaifiyarta ta sa wa hannu a taron.