Haruffan Maraɗi Sun Fi Tsawo

Shekara goma sha takwas Malam Mijinyawa ya yi yana jera haruffan dalma a wata maɗaba'a a Zariya. Bayan samun 'yanci da shekara biyu ya tattara ya komo Ikara da ɗan injin hannu da haruffan da suka sha jiki. Baƙin tawada kuwa har ya mutu bai bar farcensa ba.

Yana da amini a Maraɗi, Uwaisu, shi ma aikinsa ke nan. In suka haɗu, musu ne har shayi ya huce.

"Ku da rana ta take sai ku kulle ku kwanta, wai haka Faransa ta koya muku," in ji Mijinyawa.

"Ku kuma Ingilishi ya bar muku ƙararrawa, kuna gudu kamar 'yan makaranta."

Da 'yarsa Ummulhairi ta sauke Alƙur'ani, Mijinyawa ya cika baki a kasuwa cewa da kati za a gayyaci mutane walima, abin da ba a taɓa yi ba daga Malikanchi har Janfalan. Yarinyar ta riga ta gaya wa ƙawayenta duka. Sai dai manyan haruffansa sun cinye, don haka ya ɗauko gwangwanin haruffan da Uwaisu ya ba shi tsaraba, ya jera sunanta da na Maraɗi, sauran da na Zariya.

Ya danna inji, ya zaro kati. Sunan Ummulhairi ya fito raɗau, amma babu rana, babu wuri, babu komai. Ashe harafin Faransa ya ɗara na Ingilishi tsawo da kamar kaurin farce, shi kaɗai ya taɓa takarda. Ga walima saura kwana uku. Kunyar 'yarsa kuwa ta fi masa ta kasuwa ciwo.

Matarsa Atika ta leƙo, ta ce, "Malam, in ƙafar tebur ta gaza, ba takarda ake cusa mata ba?"

Sai ya ɗauko almakashi. Yini guda yana yanka takarda yana shimfiɗa wa haruffan Zariya a ƙasa, layi-layi, har suka kamo kafaɗar na Maraɗi.

Ranar walima Uwaisu ya juya katin, ya shafa bayansa da yatsa, ya yi murmushi.

"Malam, takarda nawa Nijeriya ta taka?"

Mijinyawa ya dubi Ummulhairi tana ta nuna wa ƙawaye sunanta.

"Uku," ya ce. "Ci tuwonka."