Na Kai Dattijon Agadas Dajin Pennsylvania Don In Kama Shi da Ƙarya

Ana idar da sallar asuba na tayar da mota daga Bowie ranar Asabar ɗin nan, kuma gara in faɗa muku tun yanzu, 'yan zaure: ba kallon tsere kaɗai ya fitar da ni ba. Na fita ne in kama mutum da ƙarya.

Ga wanda aka turo wa rubutun nan daga waje, mu kusan talatin ne a zauren waya, masu jin Hausa da ke zaune kewayen Washington. Abin da ya haɗa mu son tseren motocin da ake yi a daji kan tsakuwa, wanda ake ce wa rali. Aikinmu hasashe: wane direba zai koma wane kamfani, wane kamfani zai janye, wace doka za a canza baɗi. A cikinmu akwai wani dattijo ɗan Agadas, direban tasi a filin jirgin Dulles, wanda ya shekara uku yana rufe mana baki da magana ɗaya. Wai shi tsohon makaniken wata babbar tawaga ne a zamanin da tseren hamada ke ratsa garinsu, kuma har gobe yana da mutane a ciki. In ya ce za a ƙara wa motoci fiffike da ƙarfin inji, sai kowa ya yi tsit. Ni injiniya ne, in zauna in yi nazari in kawo hujja, sai a ce, "Bari dai mu ji ta bakin Baba." Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Watan jiya ya zo da babba. Wai wani tsohon zakaran duniya zai shiga wani ƙaramin tsere a arewacin Pennsylvania da sunan boge, don ya gwada injin baɗi a ɓoye. Na ce to Baba, mu je mu gani, ni zan tuƙa. Wasunku kuma na bi ku ta bayan fage na ce ku saurara, ramin ƙarya ƙurarre ne. Kun san kanku.

Na biya Clinton na ɗauki abokin tafiya na biyu, nas ne ɗan Filato, ya sauko daga aiki ke nan idonsa jawur. Shi ba ruwansa da gardama, hayaniyar inji kawai yake so. Muka haye gadar Potomac tun titi bai cika ba, muka iske dattijo tsaye a ƙofar gidansa a Sterling, da fulas ɗin shayi da ledar kilishi, ya sha rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na gaishe shi har da rusunawa. Ya amsa da fara'a, ni kuwa ina kallon fuskarsa ko zan ga alamar tsoro. Ban ga komai ba, sai na ce a raina gwanin ƙarya ke nan.

Daga Leesburg muka miƙe arewa. Hanya lafiya lau, gonakin masara kore shar dama da hagu, shanu kuwa kowace ta yi biyun namu. Bayan Harrisburg titi ya bi gefen kogi, muka wuce mutanen nan masu baƙaƙen kaya da ke yawo a keken doki, ba su yarda da mota ba. Nas ya ce su ne suka huta, ba mai yi musu gardamar inji. Mun tsaya shan mai a wani ƙauye, man ya fi na Maryland tsada kaɗan, kofinsu kuma ruwan zafi ne da aka nuna wa kofi daga nesa. Shayin dattijo ne ya cece mu.

Duk tsawon hanyar ina ɗana masa tarko. In tambaye shi launin motar tawagarsu, bayan awa guda in sake tambaya ta wata fuska. In ce a wace shekara ce, ya ce shekarar da aka yi ruwa da yawa. In ce wa ya gaya masa maganar zakaran, ya ce, "Injiniya, ai ba a faɗin mai faɗi." Ya miƙo mini kilishi. Har kilishin na zarga, na ce toshiyar baki ce.

Wajen sha ɗaya da rabi muka isa. Garin ƙarami ne, filin da ake gyaran motocin tsere kuma fili ne na baje kolin manoma, kowace tawaga da rumfarta. Babu manyan tireloli irin na talabijin. Yawanci mutum ne da matarsa da maƙwabcinsa, da tsohuwar mota da suka haɗa a gareji. Muka bi rumfa rumfa. Can dattijo ya nuna wata farar mota da ba ta da tambarin kowa, direbanta bai cire hular kwano ba. Ya rage murya ya ce, "Ka ga tafiyarsa? Shi ne." Na fara tunanin yadda zan haɗiye maganata. Muka tsaya kusan minti ashirin muna gadi. Da mutumin ya cire hula sai ga sanƙo yana ƙyalli, ga tumbi. Nas ya je ya gaishe shi. Likitan haƙori ne daga Ohio, tserensa na huɗu ke nan, hular kuma maɗaurinta ne ya maƙale.

Nas ya yi dariya har da riƙe ciki. Dattijo ya ce wataƙila an canza shiri. Ni kuwa daɗi ya cika ni, irin daɗin da ba shi da kyau. Na koma gefe na rubuta muku saƙo mai tsawo, da hoton mai sanƙo, na ajiye sai mun dawo in saki.

Da azahar muka shiga daji inda aka keɓe wa 'yan kallo. Gaskiya wanda bai tsaya a bakin hanyar nan ba bai san rali ba. Za ka ji ƙarar tun daga bayan dutse, sai mota ta ɓullo a karkace, tsakuwa na tashi, kafin ka ɗaga waya ta wuce. Sauro ya ci rabonsa, wani Bature mai gemu ya ba mu man shafawa, ya tambayi dattijo ko rawanin ba ya zafi. Muka yi sallah a gindin bishiya, nas yana tsare mana kujeru.

A hanyar komowa gari ne abin ya faru. Motocin tsere suna bin titin kowa tsakanin daji da wurin gyara, kuma akwai lokacin da aka yanka musu. Muka tarar da wata shuɗiya a gefen hanya, an buɗe gabanta. Direban da matarsa, wadda ita ce mai karanta masa hanya, suna tsaye cirko-cirko. Na taka birki na yi bayan mota da gudu. Kowa ya san yadda aka rene mu, ba ka wuce mai lalurar mota. Na ciro akwatin sifanu, har na miƙa hannu zan ba mutumin.

Dattijo ya damƙe mini wuyan hannu. Ban san yana da wannan ƙarfin ba.

"Kul! Mayar da shi. In ya karɓi ko ƙusa daga hannunka a nan, an kore su daga tseren. Hannu nasu, baki namu."

Shekara nawa ina rubuta muku dogayen bayanai kan dokokin baɗi, ga dokar yau na manta da ita. Matar ta dube ni da akwatina kamar na ɗauko maciji.

Dattijo ya maida hannuwansa baya ya harɗe, ya matsa kusa ba tare da ko rigarsa ta taɓa mota ba. Ya ce direba ya murɗa makulli kada ya tayar. Ya kasa kunne. Ya ce a sake. Turancinsa na tasi ne, sunayen kayan inji kuwa da Faransanci ya san su, don haka ya juyo gare ni.

"Gaya masa famfon esansi, fetur ɗinku ke nan, ba ya kuka. Ba famfon ba ne ya mutu, ɗan akwatin da ke ba shi wuta ne. Irinsa ɗaya da na hon. Ya ciro na hon ya sa a gurbinsa."

Haka na tsaya, ni da na zo tona masa asiri, na zama tafintansa. Mutumin ya yi yadda aka ce. Bugu ɗaya mota ta tashi. Matar ta duba agogo ta ce saura minti shida, ta ɗora hannu a ƙirji ta sunkuyar wa dattijo da kai, suka ja.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki mai warin taba, da safe muka kamo hanya. Nas ya yi barci tun kafin mu fita gari. Ni kuwa zargi bai sake ni ba, sai dai ya juya. Na fara tunanin ko dai gaskiya yake faɗa duk shekarun nan. Muna gab da Frederick dattijo ya yi gyaran murya.

"Injiniya, na ga kana rubutu jiya. Na san abin da ya sa ka ɗauko ni."

Na fara rantse-rantse, ya ɗaga hannu.

"Ban taɓa zama makaniken tawaga ba. Gareji gare ni a Agadas, shekara ashirin. Sau biyu masu tseren suka yi hayar filina, kwana bibbiyu, na tsaya ina kallon aikinsu. Shi ke nan. Labaran da nake kawo muku a jaridun Faransanci nake gani, in ƙara gishiri. Na zakaran nan wani ne ya rubuta, ni kuma na so ya zama gaskiya."

Na ce, "To Baba, me ya kai ka?"

Ya juya ya dubi gonaki. "A ƙasar nan ni mai ɗaukar jakar fasinja ne. Ba wanda ya taɓa tambayata me na iya. A zauren nan ne kaɗai ake cewa bari a ji ta bakina."

Muka iso Sterling. Na sauke shi, ya sa mini albarka, ya ce in gaida iyali. Na kai nas Clinton, na shiga Bowie da la'asar. A ƙofar gida na goge saƙon, ban tura wa kowa ba.

Amma da safiyar Litinin kun ga abin da na gani, lambarsa ta fita daga zaure. Masu tambayata yaya aka yi, ga amsarku, kuma da izininsa na rubuta. Zatona ya zama gaskiya, kuma ban taɓa cin gardamar da ta bar ni da kunya irin wannan ba. Na yi tafiyar awa biyar in tabbatar mutum bai san manya ba, na tarar ya san mota fiye da mu duka, kuma ba mu taɓa tambayarsa wannan ba.

Ranar Laraba na je gidansa bayan aiki. Ya dafa mini shayi, na nemi gafara, ya ce ba komai, shi ma a yafe masa. Na ce to zan mayar da shi zaure yanzun nan. Ya yi murmushi ya girgiza kai.

"Bar shi, Injiniya. In motar wani ta lalace, ya san gidana."