Ranar da Malam Tasi'u Ya Yi Gudu da Baya

Wata rana, da yammacin wata Asabar, Malam Tasi'u ya fito filin firamaren unguwarsu yana tura ƙaramin keke. Ɗansa Jabiru na biye da shi, fuska a murtuke kamar wanda za a kai wajen wanzami.

Jabiru shekararsa bakwai. Tun da aka haife shi ba ya ji, da hannu yake magana. Amma fa idonsa, ko allura ce ta faɗa cikin yashi sai ya tsinto maka.

Burinsa ɗaya ne: ya bi yaran layinsu idan sun fita tseren keke. Kullum sai dai ya tsaya a ƙofar gida yana kallonsu har su sha kwana.

Kwana goma sha ɗaya ke nan suna zuwa filin.

Kwana goma sha ɗaya yaro yana faɗuwa.

Shi Malam Tasi'u yadda mahaifinsa ya koya masa haka yake koyarwa. A riƙe sirdi ta baya, a tura, a bi da gudu ana ihu.

"Taka feda! Kalli gabanka! Na ce kalli gabanka!"

Ihu fa, jama'a. Ga yaron da ko aradu ce ta faɗi ba zai firgita ba. Ba wai Malam bai sani ba ne, bakin uba ne ba shi da birki.

Da an ɗan yi nisa sai Jabiru ya waiwayo, keke ya karkace, sai tim a ƙasa. Sai uban ya iso yana haki, tumbi na sama da ƙasa, ya ɗaga masa tafin hannu, ya juya yatsa ɗaya. A yarensu na gida, ma'anarsa: tashi, sake.

Da safiyar wannan Asabar ɗin, a bayan randa Malam ya tarar da keken, an lulluɓe shi da tabarma. Yaron ne ya ɓoye.

Ga kuma yayar Malam da ta zo gaisuwa ta ce, "Ku daina wahalar da yaron nan, irinsu ba sa iya keke."

Maganar ta ƙona masa rai. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa, ya fara jin tsoron ko gaskiya ta faɗa. Ya ce a ransa, yau ce ta ƙarshe. In bai iya ba, keke ya tafi gidan ƙaninsa, a huta.

Aka hau, aka faɗi.

Aka sake hawa, aka sake faɗuwa. Wannan karon Jabiru bai tashi ba. Ya zauna a ƙasa yana kallon gwiwarsa da ta kurje, hawaye na zuba shiru.

A gindin darbejiya akwai wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa. Kwana goma sha ɗaya tana kallon wannan wasan kyauta, yau dai ta kasa haƙuri.

"Malam, wai don Allah wa kake yi wa ihun nan?"

"Iya, yarona mana."

"To ni dai ni nake jin ka, sai awakin can. Yaron nan da ido yake jin maganarka. Ka je ka laɓe a bayansa, ba dole ya waiwayo ya ga me kake cewa ba? Yana waiwayowa keke na bin wuyansa. Ka koma gaba mana!"

Kaico, Malam Tasi'u! Mutum da digiri har biyu a rataye a falo, mai gyaɗa ta gama da shi a numfashi ɗaya.

Ya je ya durƙusa, ya goge wa yaron gwiwa da bakin rigarsa. Ya nuna masa yatsa ɗaya: saura sau ɗaya tak.

Jabiru ya sake hawa, Malam ya tsaya a gaban keken, ya riƙe kansa, suna kallon juna ido cikin ido. Ya fara ja da baya a hankali. Yaro ya taka. Bai waiwaya ba, to me zai nema a baya?

Malam ya saki hannu.

Keke ya miƙe sak!

Sai dai akwai abin da Iya ba ta faɗa masa ba: wanda ya tsaya a gaban keke, dole ya fi keke sauri.

Ga babban mutum cikin shadda mai sitaci yana zabga gudu da baya. Hula ta tashi. Takalmi ɗaya ya yi gabas. Samarin da ke buga ƙwallo suka tsayar da wasa suna tafi. Shi kuwa sai washe baki yake yi, don ya san fuskarsa ce hanyar yaron.

Bai ankara ba sai ji ya yi tsulum, ya zauna daram cikin taɓon famfon makaranta.

Jabiru ya kauce masa, ya wuce. Shi kaɗai. Ya zagaye filin, ya dawo, ya ja birki a gaban ubansa.

Ya kalle shi daga sama har ƙasa.

Sai ya ɗaga masa tafin hannu, ya juya yatsa ɗaya.

Tashi, sake.

Malam Tasi'u ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, yana zaune cikin taɓo bai ko damu da masu kallo ba. Iya ta aiko wa Jabiru gyaɗa ƙulli biyu, ta ce uban ba ya ci sai ya yi wanka.

Darasi: Kafin ka ce ɗanka ba zai iya ba, duba inda kai ka tsaya. Ba kowane yaro ake koya wa abu yadda aka koya maka ba. Wani turi yake so, wani kuwa fuskarka kawai yake nema. In sai ka shiga taɓo zai iya, to shiga, ai sabulu bai ƙare a kasuwa ba.

Ka san wani uba ko wata uwa da ke gab da cewa "na gaji"? Tura musu wannan yau, kafin su bayar da keken.