Rigar da Inna Ta Kai Bugu

Na daɗe a kan keken ɗinki a Tasawa, amma ba a taɓa kawo mini samfur irin wanda ɗiyata ta kawo ba, shekarar da take ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Takarda ce fara, a tsakiyarta wani abu baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Kafaɗu biyu sun yi tsini sama, ƙasan ya baje, kan kuma ya tashi kamar murfin rumbu. Na juya takardar, na sake juyawa, na ce, “Ke, tawada ce ta zube miki?”

Ta ce, “Mama, riga ce. Ita nake so ki ɗinka mini.”

Ashe wata jaruma ce ta cikin zanen Japan ɗin nan da suke kallo a waya, wanda suke ce wa anime. Samari da ƴan mata za su taru a Maradi, kowa ya yi shigar wanda yake so a ciki, kosple suke kiran abin. Za a rataya farin zane, a kunna fitila a baya, mutum ya tsaya tsakani. Idan jama'a suka ga inuwa suka kira sunan jarumin, sai ka fito a tafa maka. Idan ba su gane ba, ka sauka ta gefe.

Na ce, “To ina launi? Ina aikin wuya? Wa zai ga ɗinkina?”

Ta ce ba ruwan inuwa da launi. Masu zanen nan da gangan suke ba kowa siffa tasa, ko an shafe shi da baƙi a gane shi. “Mama, in kin hango mutum a hanyar garin Isawan, da malfa, sanda a wuya, sai kin ga fuskarsa za ki san makiyayi ne?” Na ce a'a, amma shi ai mutum ne, ya san inda za shi. Wannan fa? Ta yi dariya, ni kuwa wallahi ban gane ba.

Abin da na gane ɗaya ne. Yarinyar nan ba ta da ƙawa. Daga lise sai gida, in baƙi suka shigo ta shige ɗaka. Ƙawayen nata duk a waya suke, ba wanda ya taɓa ganinta, kuma ta riga ta gaya musu za ta zo, za su san ta tun daga bayan zane. Babanta ya yarda da sharaɗi biyu, jiki a rufe, kuma in raka ta. Ita ma da wayonta ta zaɓi mai doguwar riga, tsinin kan kuma a ƙarƙashin hijabi za a ɗaura shi.

Haka na zauna ina ɗinka abin da duk koyona ya hana. Ni da na saba in sa riga ta kwanta a jiki, sai ga ni ina cusa karton, wato kwali, a kafaɗa. Muka jiƙa ƙaro muka shafe yadin, muka shanya, muka sake shafawa, har rigar ta iya tsayawa da kanta a tsakar gida. Kaji ma gudunta suke. Kullum da la'asar sai ta sa, ta tsaya jikin katanga tana duban inuwarta, ta ce kafaɗar hagu ta faɗi, a ƙara ɗaga ta. In ce, “Haba, ai kamar kin saɓo ƙota.” Ta ce haka ake so. Ranar da inuwar ta yi daidai da takardar, ta yi tsalle ta rungume ni, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama.

Ana jibi tafiya sai ga mahaifiyata daga Hawandawaki, a bayan babur, da ƙullin kuka da daddawa. Ta ji jikarta za ta taro a Maradi. Washegari na tafi suna a maƙwabta, yarinyar tana lise, Inna ta leƙa ɗaki ta ga rigar a rataye. A wurinmu ba a zuwa taro da tufar da ba a wanke an buga ba, balle wadda ta sandare kamar busasshiyar fata. Ta sauke ta, ta jiƙa, ta farke kafaɗu ta zare karton ɗin ta hura wuta da shi, ta mayar da ɗinki da allura. Da rigar ta sha iska ta kai wa masu bugu, ta tsaya a kansu har suka gama.

Na dawo da la'asar na tarar da ita a ninke kan gado, sumul, tana sheƙi, tana ƙamshin turaren wuta. Na ce, “Inna, me kika yi?”

Ta ce, “Gyara miki na yi. Ke da ake kira tela, ki bar shara a cikin riga? So kike a ce a Maradi ba mu iya tufa ba?”

Ni kaina da makonni kaɗan baya, abin da zan yi ke nan. Kuma maganar gaskiya, rigar ta fi kyau a idona. Yarinyar ta shigo ta ɗaga ta, kafaɗun suka zube. Sai ta durƙusa ta ce, “Na gode, Kaka,” ta fita bayan ɗaki. Nan na ji haushi ya taso mini, na rasa a kan wa zan sauke shi.

Muka cusa wani karton, amma yadin ya yi laushi, ba ya riƙewa, ƙaro kuma ba zai bushe kafin mota ba. Na ce ta haƙura sai wani karo. Ta ce ta riga ta ce musu tana zuwa.

A Maradi ɗaki ne babba, an rufe tagogi da rana tsaka. Na zauna a baya, ni kaɗai ce babba. Inuwa ta fito da gashi tsaye carko-carko, yara suka ɗauki ihu. Wata ta fito da takobi ya fi ta tsawo, suka sake ihu. Ni duk aljanu nake gani. Sai layinta ya zo. A hanya karton ɗin ya zame, tsinin kai ya karye. Abin da ya fito a jikin farin zanen nan yarinya ce kawai cikin doguwar riga da hijabi.

Ɗakin ya yi tsit. Wani ya yi tari. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga hannu yadda ta yi ta koya a jikin katanga, ba wanda ya kira sunan jarumar. Na ga kanta ya fara sunkuyawa, yadda take yi in baƙi sun shigo, ta juya za ta sauka ta gefe. Ni dai abin da na riƙe shi ne, in ka gane inuwa ka kira suna. To na gane. Na miƙe tsaye na kira sunanta da ƙarfi, sunanta na yanka.

Ita ce ƴata ta fari. Tun ran suna bakina bai taɓa furta shi ba, don kunya, sai “ke” da “yarinyar nan”.

Yara suka waiwayo suna tambayar juna wace jaruma ce wannan, a wane fim take. Wasu suka tuntsire da dariya. Mai riƙe da lasifika ya ce, “Hajiya, ba haka ake yi ba.” Ba a tafa mata ba, ta gefe ta sauka, kuma ba ta tsaya gaisawa da ƙawayen nata ba.

A mota ta juya fuska ga taga, ni kuma ina ta lissafin ko taimakonta na yi ko ƙarasa ta na yi. Har yau ban sani ba. Mun kusa Tasawa ta ce, ba ta dube ni ba, “Mama, kin ba ni kunya.”

Na ce, “Na sani.”

Ta yi ta murza gefen rigar. Can ta ce, “Sunan nan nawa, sake faɗa in ji.”